Jirgin da Ya Dawo Shi Kaɗai

A can ƙarshen filin Thanasis, inda ake jawo jiragen ruwa tudu a tokare su da gumagumai, akwai wani jirgi da ko kyanwa ba ta kwanciya a inuwarsa. An lulluɓe shi da tamfol, rana ta ci tamfol ɗin har ya koɗe, doguwar sandarsa kaɗai ta leƙo sama. Matan garinmu in za su gifta sai su tofar da yawu gefe, su yi alamar gicciye, su ƙara sauri. Ni ma haka nake yi, sai dai ni nakan waiwaya. Sunana Froso, kuma tagar ɗakina a kan filin take.

Jirgin Lefteris ne, irin mai zane wanda iska ke korawa. Shekarun baya, ana dab da Ista, ya fita shi kaɗai da hantsi, teku kwance kamar man zaitun a faranti. Washegari masunta suka tsinci jirgin yana yawo a bayan tsibiri. Zane a naɗe, sauran gahawa a kofi, riga da wando a ninke kan benci, agogo cikin takalmi. Babu Lefteris. Har yau ba a ga gawa ba.

Gari ya rabu biyu. Wasu suka ce jirgin ne ya cinye mai shi, kuma wanda ya ɗanɗana ɗaya zai nemi na biyu. Wasu suka ce mutumin da ya tsaya ninke wando ba mutuwa ya tafi yi ba, akwai wata mai gyaran gashi a tsibirin Rodos. Ba ni na ƙirƙiro wannan ba, na dai taimaka masa ya zaga gari. Matar Lefteris, Stamatia, ta kama zancen hannu bibbiyu. Ta ƙi sa baƙin kaya, ta ƙi dafa alkamar sadakar mamaci, ta ce ba ta takaba don mutumin da ke cin soyayyen kifi a gidan wata. Shafen farar ƙasa da ta fara yi wa bangonta a makon, kamar yadda kowa ke yi kafin Ista, nan ta bar shi: rabi fari, rabi toka-toka, tsani jingine har inabi ya nannaɗe shi. Muka ce fushi ne.

Sai ga Garifalia, 'yar maƙwabciyata Argiro, ta sauko daga birnin Atina. Nas ce a asibiti, ta haura arba'in, ba miji ba ɗa, ita ke nan ga uwarta. Ashe duk shekarun nan tana koyon tuƙin jirgin zane a ranakun hutunta, tana tara 'yan kuɗinta. Ta ce jirgi za ta saya, tsoho, daidai aljihunta, ta riƙa zaga tsibirai ita kaɗai.

Argiro tana yankan tumatir lokacin da ta ji. Ta ajiye wuƙar a hankali. Teku ya ci yayanta tun tana budurwa, tun daga ranar ko ƙafa ba ta sake tsomawa ba. Ta ce wa 'yar, mutane suna tara kuɗi su sayi gida, ke kin tara ki sayi akwatin gawa mai sanda.

Da safe muka bi ta zuwa filin, uwar don tsoro, ni don kar a ba ni labari. Thanasis ya fara da jirgin wani Bajamushe, fes daga sama. Garifalia ta durƙusa ƙarƙashinsa da 'yar guduma tana ƙwanƙwasawa, ta sami ƙuraje a cikinsa, ta fasa ɗaya, wani ruwa mai tsami ya zubo. Ta ce wannan ya sha ruwa har ƙashi. Na biyu jirgin haya ne da 'yan yawon buɗe ido suka gama tumurmusawa, in ka taka samansa sai ya lotsa kamar burodi. Na uku na wasu Faransawa ne, ba shi da aibu ko ɗaya sai kuɗinsa. Da Thanasis ya faɗa, ta yi dariya ta tambaye shi ko har da Faransawan za a haɗa mata.

Duk wanda ta ƙi, sai in ji Argiro ta sauke ajiyar zuciya. Har yarinyar ta juya ta nuna tamfol.

"Baba Thanasis, wancan fa?"

"Wancan ba na 'yan gari ba ne," in ji shi, yana kallon ƙasa. "Baƙo muke jira, wanda bai san komai ba."

Ta matsa masa, ya faɗi abin da Stamatia ta ce a sayar. Bai kai rabin na Faransawan ba. Na ga idon yarinyar ya yi haske, na ga uwar ta dafa gungume.

Argiro ta je wurin Fada, limamin cocinmu, ya ce shi nasa yayyafa ruwa ne, ba hana ciniki ba. Ta daina cin abinci. Ta ce ta yi mafarki Garifalia tana ƙwanƙwasa mata ƙofa, gashinta yana ɗigar ruwa. Daga ƙarshe ta hauro wurina.

"Froso, bakin nan naki ya raba aure ba ɗaya ba. Ki raba min 'yata da jirgin nan."

Na yi iya ƙoƙarina. Kafin yamma duk kasuwa ta ji cewa gindinsa ya ruɓe, ɓeraye sun cinye zanen, ana jin tari a cikinsa. Garifalia ta tare ni a bakin gidan burodi, ta sumbace ni a goshi, ta ce, "Goggo, in mai tarin ya fito ki turo min shi, aikina ne."

Ranar Talata ta sa aka yaye tamfol, ranar da don camfi ko akuya ba ma saye. Uwar ta roƙe ta ta bari sai Laraba, yarinyar ta ce hutunta ya kusa ƙarewa.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne babu abin da ya lalace. Ciki a bushe. Igiyoyi a naɗe kamar jiya aka rataye su. Hoton waliyyin masu teku yana nan a kusurwa da 'yar fitilarsa, shuɗin dutsen kau da baki yana reto a ƙofa. Thanasis ya kawo batir, injin ya yi tari ya tashi. Garifalia ta ƙwanƙwasa jikinsa daga goshi har baya, ko'ina ƙara ɗaya, garau. Argiro tana tsaye nesa tana cewa, ai dole ya yi kyau, ya ƙoshi.

Sai yarinyar ta zagaya ta baya. Ta daɗe a can har muka bi ta.

A bayan jirgin aka rubuta sunansa da shuɗin fenti, sunan matar gidan, STAMATIA. A kan haruffan akwai karce-karce, dogaye, daga sama zuwa ƙasa, jere da juna, wasu a kan wasu. Thanasis ya ce ƙila ƙugiyar masuntan da suka jawo shi ce. Garifalia ta matsa kusa. Ta taka gungume, ta miƙa hannu, ta ɗora yatsunta a kan karcen. Kowane yatsa ya zauna a layinsa.

Na ja da baya, na yi alamar gicciye.

Ta ɗaga kai. Sama da sunan akwai ƙarafa biyu a kafe, kowanne da rami, ba komai a jikinsu.

"Baba Thanasis, ina tsanin?"

Daga filin ana hango layin gidajen tudu, duk farare tas, sai ɗaya mai rabi da rabi. Ban san wanda ya fara juyawa ba, amma dukanmu can muka kalla.

Thanasis ya zauna a kan gwangwanin fenti. Ya ce ana gobe Lefteris zai fita, ya gan shi ya zare tsanin ya saɓa a kafaɗa, yana dariya, yana cewa na katakon gida ya karye, kuma uwargida ta rantse ba shi ba cin ƙwan Ista sai an gama bango. Ni ma na gan shi. Rabin gari ya gan shi, har ana yi masa tsiya. Mazanmu kuwa in rana ta yi zafi a teku, tuɓewa suke su faɗa ruwa, ba sa duba baya, don tun suna yara tsani yana inda yake. Jikin jirgin zane kuma santsi gare shi, ga tsawo, babu inda hannu zai kama. Duk mun wuce tsanin nan shekara da shekaru, mun gaishe da mai shi a gindinsa, babu wanda ya so ya haɗa wannan da wancan.

Garifalia ta sauko ta riƙo hannun uwarta, ta ce ta gani ko, ba jirgi ba ne, ba aljani ba ne, tsani ne kawai. Ta zaci hankalin uwar zai kwanta.

"Gara a ce aljani ne," in ji Argiro. "Aljani ana yi masa addu'a. Wannan fa? Ga jirginsa a hannunsa, ga gari yana hangowa." Ta kalli karcen. "Ke da kika san jikin mutum, ya daɗe a ruwan?"

Garifalia ta sani, na gani a fuskarta. Ta sunkuya tana tattara gudumarta.

Duk da haka ta saya. Ta ce za ta sa a ƙera sabon tsani, kuma kada kowa ya kai wa Stamatia maganar. Ni dai na kama bakina, har muƙamuƙina ya yi ciwo. Amma ba ni kaɗai ce Froso a garin ba.

Safiyar da za a tura jirgin ruwa, gari ya taru. Fada ya tsoma reshen ɗoɗɗoya a ruwa yana yayyafawa. Argiro tana tsaye kamar wadda aka kawo jana'iza, leɓenta yana motsi. Sai surutu ya fara mutuwa daga baya, mutane suna darewa.

Stamatia ce ke saukowa daga tudu. Baƙin kaya tun daga kallabi har safa, suna warin kafur, da alamar ninki a jiki, kamar an daɗe da saye an ajiye. Tsanin yana kan kafaɗarta, ƙarfe mai ɗigon farar ƙasa, busasshen inabi yana ja a ƙasa. Wani ya miƙa hannu zai karɓa, ta kauce. Ta zo ta jingina shi a bayan jirgin, ba ta kalli sunanta ba.

"Kayan jirgi ne," ta ce. "Aro na yi."

Garifalia ta ce za ta sa a goge bayan a sake fenti. Stamatia ta ce jirginta ne yanzu, ta yi yadda ta so, amma in da hali ta bar shi.

Thanasis ya mayar da tsanin cikin ƙarafansa, ya zura maƙalai, ya ɗaura masa igiyar da ake jawo shi daga cikin ruwa. Argiro ta ce bai isa ba, ya ɗauko na'urar walda ya liƙe maƙalan. Ya ce in an liƙe ba zai sake ciruwa ba har abada. Ta ce ai abin da ta ce ke nan.

Da jirgin ya sauka ruwa ya tsaya a bakin gaɓa, Garifalia ta zo sallama. Uwar ba ta rungume ta ba.

"Faɗa ruwa."

"Mama, da kayana?"

"Da kayanki. Ki faɗa, ki hau, ina gani."

Yarinyar ta kalli taron, ta kalli uwarta, ta cire takalmi ta faɗa. Kanta ya ɓace, Argiro ta damƙe min hannu har farcenta ya shige ni. Sai ga ta ta ɓullo, ta kama igiya, tsani ya sauko, ta hau tana ɗigar ruwa, gashinta manne a fuska. Argiro ta ce ta sake. Ta sake. Samari suka fara dariya, amma da suka ga Stamatia sai suka bari. Tana tsaye a bakin ruwan, idonta a kan hannun yarinyar, duk matakalar da ta kama sai yatsun tsohuwar su dunƙule.

Iska ta taso kaɗan, Garifalia ta buɗe zane, ta fita. Mutane suka watse. Stamatia ta ce ranar Asabar za ta dafa alkamar sadaka, mu zo, ta juya ta hau tudu.

Argiro ta zauna a kan gungume ta ba teku baya. Ta ce ba za ta iya kallo ba, in kalla mata.

"Kina hango shi?"

Na ce ina hangowa.

"Tsanin fa? Yana nan?"

Jirgin ya riga ya zama kamar ƙwayar gishiri a bakin sama, ni kuwa tun bara ko zaren allura sai an zura min. Na kare fuska da tafin hannu, na daɗe ina dubawa yadda za ta yarda.

"Yana nan," na ce. "Ga shi can yana ƙyalli."