Yau Baffanki Ke Gama Kaffara

…kuma wai ni ce zan yanka masa lemon buɗa baki. Ni! Wuƙa a hannuna, rana na shirin faɗuwa, ga kakarki ta leƙo kicin: "A sa masa ƙanƙara a ruwan, yau ya galabaita."

Ya galabaita. Kin ji ko, Auta? Baffanki ya galabaita.

Azumin wata biyu a jere, kaffarar wanda ya yi kisa bisa kuskure. Kuskure — ya yo baya da mota, waya manne a kunne, ke kina tsugune bayan taya kina fama da igiyar takalmin da ba ki daɗe da koyon ɗaurewa ba…

Malamin da ya zo ta'aziyya har da gyara zama. Wai kalmar kaffara daga Larabci take, asalinta rufewa, kamar yadda manomi ke rufe iri da ƙasa. Wai azumin zai rufe laifin. Kowa na gyaɗa kai. To wa aka rufe da ƙasa? Shi? Ga shi can a falo gaban fanka, kowa ya wuce sai ya yi masa sannu.

A'a… ya rame, na gani. Ba ya iya haɗa ido da ni, ko makullin motar bai ƙara taɓawa ba. Sai me? Ramarsa za ta dawo min da ke?

Babanki kuwa — "Ki yi haƙuri, ɗan'uwana ne." Ke fa? 'Yar maƙwabta ce?

In Baffanki ya sha azumi ko sau ɗaya da gangan, sai ya koma farko, haka malam ya ce. Sau nawa nake ajiye ruwan sanyi inda zai gani da tsakar rana, in koma gefe ina jira? Allah ya yafe min. Bai taɓa sha ba. Ko wannan bai yi min ba.

Yau ce ta ƙarshe. An jima zai kurɓi ruwan nan, kakarki ta ce alhamdu lillahi, an sauke nauyi. Gobe abincin rana har da shi. Wata biyun nan, duk magariba gidan nan tsit yake yi, ba mai ambaton sunanki, amma kowa ya san saboda wa ake jiran ladan. Gobe fa? Gobe wa zai ji yunwa saboda ke?

Ga ladan can yana gyara murya. Ƙanƙarar na narkewa. Tiren na hannuna, Auta… ƙafata ta ƙi ɗagawa.