Titin da Ba Ya Tsaya wa Masu Rai

Tsakanin ƙofar gidansu Etleva da lambun bakin tafki taku goma sha tara ne kacal. Ta ƙirga su ba sau ɗaya ba. Da tana ƙarama, titin da ke tsakani ba ya ganin komai sai kekuna da motar madara. Yanzu manyan motocin da ke zuwa kan iyaka ta nan suke bi, kuma yau wata goma sha huɗu rabon babanta Thanas da ya tsallaka.

Tun bazarar bara ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Bakinsa ya ɗan karkace, amma magana tana fita. Etleva, wadda ke koyar da lissafi a sakandaren garin, ta koyi yadda ake ɗaga namiji mai kilo tamanin daga gado zuwa keken guragu ba tare da bayanta ya riƙe ba. Ta koyi aski, ta koyi yanka masa burodi ƙanana. Tsallakar da shi titi ne ya gagare ta.

Kowace yamma idan rana ta yi sanyi, gari yakan fito yawon shan iska da suke kira jiro. Kowa ya sa tufafinsa masu kyau, a yi ta kai da kawowa a bakin tafki, daga wajen mai gasa masara zuwa tsohuwar gadar jiragen ruwa, a gaisa, a duba wa ya rame, wa ya yi sabon takalmi. Thanas ya shekara arba'in bai fasa ba. Yanzu ta taga yake kallo, bayan motoci. A garin nan kuwa, wanda aka daɗe ba a gani a jiro ba, sai a fara duba sunansa a jikin itacen da ake manna takardun rasuwa. Wata biyu da suka wuce wata tsohuwa ta tare Etleva a kasuwa, ta sumbace ta a kumatu biyu, ta yi mata ta'aziyya. Etleva ta ce, "Na gode, Inna. Zan gaya masa idan ya gama cin abinci."

Ba ta gaya masa ba.

Dakalin bakin titi ta ɓangarensu ya kai taƙi ɗaya da rabi. Ta sa kafinta ya yanka mata katako biyu da za ta riƙa shimfiɗawa. Ta tsaya da agogo kwana shida tana aunawa: kafin ta sauko da keken ta tura shi zuwa ƙetare, sai ta ci daƙiƙa arba'in, amma a lokacin jiro tazara mafi tsawo tsakanin mota da mota daƙiƙa goma sha ɗaya ce. Duk ta rubuta wannan a takardun da take kai wa ofishin hukumar gari, tana neman a yi musu wurin tsallakawa.

"Malama Etleva, sannu da ƙoƙari," in ji injiniyan da ke karɓar takardun. "Ta nawa ke nan?"

"Ta goma sha ɗaya. Kun karanta ta goma?"

"Malama, lambu namu ne, kuma mun yi masa gangare mai kyau na siminti, kin gani da idonki. Titi kuwa na mutanen babban birni ne. Ko fenti na ɗiga a kai sai an tuhume ni."

"To gangaren naku wa zai hau shi? Wanda ya fito daga cikin ruwa?"

Ya yi murmushin gajiya, ya jawo taswira. Ya ce idan mutanen babban birni suka zo, ba sa karanta takarda. Mota suke shiga su bi titin a hankali, suna ƙirga duwatsun nan na marmara da iyalai ke kafawa a inda mota ta kashe musu wani, masu hoto da furen roba. Inda suka ga uku a kusa da juna, nan ake yin farin zanen tsallaka titi da fitilar tsayar da motoci.

"Gabanku babu ko ɗaya. Ku gode wa Allah."

"Wato sai na kawo muku gawa uku."

"Ban ce haka ba, Malama."

"Ni na ce. Buga mini hatimi a kan takardata."

Gangaren da ake alfahari da shi ma ba a buɗe yake ba. Gezim, mai shagon gahawa a bakin lambun, yana jera akwatunan lemo a gabansa don kama wa motar kayansa wurin tsayawa. Ba mugun mutum ba ne. Ranar da ta yi masa magana har gida ya biyo ta, ya tsaya a ƙarƙashin taga.

"Malama, mene ne abin wahala a nan? Ni da maza uku daga shagona, mu ɗaga keken da Kawu a kai, mu ruga da shi. Kafin ki ƙifta ido yana can."

Etleva ta buɗe baki, amma babanta ya riga ta daga ciki.

"Gezim, ranar da maza huɗu za su ɗauke ni a titin nan tana nan zuwa. Kada ku yi gaggawa."

Daga wannan makon ya daina neman aski. Da safe idan ta kawo ruwan zafi da reza sai ya kawar da kai. Ya ce ta mayar da kwat ɗinsa cikin akwati, tana tara ƙura a banza. Sannan ya ce ta juya masa keken ya fuskanci bango, hasken tafkin yana sa masa ciwon ido. Ta juya shi. Ta shiga kicin ta tsaya a gaban tukunyar wake, hannayenta a kan tebur, har ruwan ya ƙone. Ciwon bai kashe shi ba, likita ya ce zuciyarsa ta fi ta saurayi. Amma Etleva ta ga yadda mahaifiyarta ta tafi, kuma da juya fuska ga bango ta fara.

Ranar Lahadi da la'asar aka buga ƙofa da sanda. Sotir ne, abokin babanta na domino, wasan jera 'ya'ya masu ɗigo-ɗigo, da wasu tsofaffi shida a bayansa. Daga addu'ar arba'in ɗin wani abokinsu suke, duk cikin baƙaƙen kwat masu warin maganin asu. Ɗaya yana riƙe da furannin da matarsa ta tsinko don majinyaci. Sotir kuwa ya rungumo allon dominonsu na katako a ƙirji.

"Ina tsohon banzan?" Sotir ba ya ji sosai, don haka da ƙarfi yake magana. "Thanas, an ce ka mutu. Na zo karɓar hularka."

"Da kanka wannan kamar kabewa? Ba za ta shiga ba."

"Mutum biyu suka tambaye ni yau yaushe ne naka arba'in ɗin. Na ce ban sani ba, ba a gayyace ni ba."

Sauran suka yi dariya. Thanas bai yi ba. Ya daɗe yana kallon bangon, sannan ya ce, "Leva, kawo rezar."

Ta yi masa aski. Ta fito da kwat ɗin, ta zura masa hannun dama tukuna. Sotir ya ce su buɗe allon a nan falo, Thanas ya ce shi ba ya wasa a ɗaki kamar ɗan kurkuku, a bencinsu zai yi.

"Baba, ƙarfe shida ne. Motoci sun fi yawa yanzu."

"To mu je mu tsaya a bakin titi. A gan ni a tsaye ma wani abu ne."

"A zaune dai," in ji Sotir.

Suka fito. Etleva ta shimfiɗa katakonta biyu, ta kama keken, ta fara ƙirga daƙiƙa a zuci kamar yadda ta saba. Huɗu. Bakwai. Uku. Tsofaffin suka kewaye keken ta kowane gefe, wai idan mota ta zo ta fara da su. Sotir, da bai ji lokacin da ta ce a dakata ba, ya sauka kan kwalta abinsa, allon a ƙirjinsa, mai furanni yana biye da shi. Tafiya suke a hankali, don gwiwoyinsu ba su da wata tafiyar.

Etleva ta ji ƙarar birki har cikin haƙoranta. Wata babbar mota mai ɗauke da itace ta tsaya cak. Ta jira zagi, ba ta ji ba. Direban ya kashe rediyonsa, ya cire hula. Motar da ke bayansa ta tsaya, ta ɗaya hannun ma ta tsaya, har da bas ɗin ƙauye. Babu wanda ya danna ham.

Ta tura keken ya gangara. Sai da ta kai taku na tara, a tsakiyar titi, ta ga wata mata a tagar bas tana yin alamar gicciye, wani dattijo a kusa da ita ya dafe ƙirji yana motsa leɓe. Ta dubi gabanta: baƙaƙen kwat a jere, furanni, da Sotir rungume da abu mai kusurwa huɗu daidai yadda ake rungumar hoton mamaci a gaban jana'iza. A titin nan abu ɗaya ne kawai ba a taɓa yi wa ham ba.

Takarda goma sha ɗaya ta rubuta da hannunta, da lissafi, da sashen doka. Ta ji kamar ta saki keken ta bi motocin ɗaya bayan ɗaya tana cewa yana da rai, ku dube shi, yanzu na yi masa aski.

"Tura, 'yata," in ji babanta ƙasa-ƙasa. Shi ma ya gani. "Kada ki ɗaga kai."

Ta tura. A ƙetare Gezim ya fito da gudu yana ture akwatunan lemo da ƙafa, ya tsaya gefe hannu a ƙirji, kai a sunkuye. Sai da keken ya hau gangaren ya zo daf da shi ya ɗago.

"Kawu Thanas?"

"Gahawa ɗaya, Gezim. Kada ka cika sukari, ka san mu matattu."

Daga nan kafaɗar Thanas ta hagu ta fara girgiza. Etleva ta sunkuya a tsorace, sai ta ga dariya yake yi da rabin bakinsa, hawaye na bin askin.

Ta tura shi daga wajen mai masara zuwa tsohuwar gadar jirage, ta dawo, ta sake komawa. Ba su yi taku biyar ba tare da an tsayar da su ba. Aka ce ya yi ƙiba, aka ce ya rame. Tsohuwar nan ta kasuwa ta hango shi, ta juya ta shige bayan wata bishiya. A benci ya yi wasa uku da hannun hagu, aka cinye shi biyu, ya ce Sotir yana leƙen 'ya'yansa. Etleva ta zauna a can ƙarshen bencin, ta cire takalmi ɗaya.

Da rana ta kusa faɗuwa aka zo komawa. Wannan karon da gangan suka yi sahu. Sotir ya gyara allon a ƙirjinsa, aka tura mai furanni gaba, suka cire huluna. Etleva ta ce ba ta so. Babu wanda ya ji ta, ita ma ba ta maimaita ba.

Motoci suka tsaya. Wani mai tasi, wanda ya tsaya musu ɗazu, ya leƙo ta taga.

"Kai, Baba, wannan ba gawar ɗazu ba ce? Ina kuma za ku mayar da ita?"

"An ce babu wuri," in ji Sotir. "Mu dawo gobe."

Mai tasin ya ja tsaki, amma bai motsa ba sai da keken ya hau katakon.

A gida ta ɗaga shi zuwa gado, hannayenta sun yi nauyi kamar ba nata ba. Ta ɗauki kwat ɗin za ta ninke, ya ce ta rataye ta a bayan ƙofa, kuma da safe ta juya masa keken wajen taga.

"Baba, ba za a daɗe ba za su gane. Mako ɗaya, ko biyu."

"To mako biyu."

Ta rataye kwat ɗin. Ta kakkaɓe katakon ta jingine su a lungu. Takardun jarrabawar ɗalibai talatin da biyu suna jiran ta a kan teburin kicin, ta ture su gefe, ta yago fallen takarda. Ta rubuta kwanan wata, ta rubuta lamba goma sha biyu a sama. Ta sanar da hukuma cikin ladabi cewa daga yau, a gaban gida mai lamba takwas, jana'iza tana tsallaka titi sau biyu kowace yamma, kuma tana roƙon a shaida wa mutanen babban birni su zo su ƙirga. Ta sa hannu da cikakken sunanta, ta jawo takardar ɗalibi na farko.