Ranar da Na Sunkuyar da Kai

Tun kafin a ɗaura mana aure na gaya wa Nasiru sharaɗina, a zauren gidanmu da ke Kura. Na ce duk yaron da Allah Ya ba mu, ni zan koyar da shi a gida har ya isa shiga firamare. Larabci da addini. Ba bulala, ba haddar abin da yaro bai san ma'anarsa ba. Ban yi shekaru ina karatun Larabci a jami'a don in rataye takardar a bango ba.

"Na yarda, Malama," in ji shi yana dariya. "Ni ma ki sa ni a ajin."

Kuma ya shiga. Da Humaira ta fara magana, sai na riƙa shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin bishiyar lemon tsami da ke tsakar gidanmu kowace safiya. Tabarmar ta ni da ita ce, shi kuma akwai ƙaramin buzunsa a gefe. In ya dawo daga ban ruwa a gonarsa ta Kadawa, ƙafafunsa duk taɓo, sai ya zauna a kai ya zama ɗalibi. Da tumatir na koya mata launi. In na ɗaga nunanne ta ce "ahmar", in ɗanye ne ta ce "akhdar". Nasiru yakan ba da amsar da ba daidai ba da gangan, ita kuma ta buga ƙafa ta ce, "La, ya Abi!" Ranar da aka saki ruwa a kanal ɗin bayan unguwarmu, da kanta ta nuna shi ta ce, "Ummi, ma'un kasir!", wato ruwa mai yawa. Kafin ta cika shekara huɗu ta san ƙananan surori, kuma in ka tambaye ta me surar ke cewa za ta gaya maka da Hausarta ta yara.

Matsalar ita ce Humaira 'yar fari ce. Kowa ya san abin da ake so uwa ta yi da ɗan fari a garuruwanmu: kada ta kira sunansa, kada ta ɗauke shi a gaban surukai, ta yi kamar ba ta san da shi ba. Ni ban taɓa yi ba. Na nemi aya ko hadisin da ya ce uwa ta ji kunyar abin da ta haifa, ban samu ba. Kuma yaya za ka koyar da yaron da ba ka kiran sunansa? Ga shi kuma sunan mahaifiyar Nasiru ta ci, Hajiya A'isha, shi ya sa muke ce mata Humaira.

Gidan su Nasiru a Bunkure yake, gidan malamai ne, da makarantar allo a ƙofar gida. A can sunana "matar boko". Surayya, ƙanwarsa, duk muka haɗu sai ta ce, "Matar Yaya, yau ma da Larabci za a ba mu ruwa?" Ni ma ba na barinta. "In kin iya cewa na gode da shi, zan ba ki har da zoɓo."

Da aka sa ranar walimar saukar Alƙur'ani ta ƙanensa Sammani, sai Nasiru ya zauna kusa da ni da yamma, ya yi ƙasa da murya.

"Alfarma ɗaya nake nema. Yini ɗaya kawai. Dangi za su zo daga ko'ina. Ki yi kunyar nan don ni. Kada ki kira sunanta, kada ki sa ta a cinya, in an yi maganarta ki sunkuyar da kai. Da yamma mu dawo gidanmu, ki ci gaba da abinki."

"Wasan kwaikwayo kake so in yi."

"Hajiya ta tsufa, Muhsina. Kuma a gaban ƙannenta. Ki rufa mini asiri."

Na dubi mutumin da ke zama a kan buzu yana bari 'yarsa ta gyara masa karatu. Na ce to. Jajibirin walimar, ina asibiti wajen awo don ina da ƙaramin ciki, ya ɗaura buhun shinkafa a babur ya kai musu gudummawa.

Ranar walima gidan ya cika. Na zauna a can ƙarshen rumfar mata, mayafi har goshi. Humaira ta zo ta jingina da ni, na ture ta a hankali na ce ta je wajen kakarta. Ta dube ni da mamaki, ta tafi.

Surayya ce ta fara. "Hajiya, ki sa takwararki ta yi miki Larabci." Aka ɗaga mata tumatir daga cikin kayan miya, ta ce "ahmar". Aka nuna ƙofa, ta ce "bab". Ta karanta sura, wata gwaggo ta ce cikin zolaya, "To me take nufi?" Yarinyar ta faɗa. Sai wurin ya ɗau kabbara. Har aka kira Malam Dalhatu, mahaifin Nasiru, ya leƙo daga zaure, Nasiru na biye da shi.

Malam ya saurara, ya shafa kanta. "Masha Allah. Wannan ai ta gidan nan ce."

Hajiya ta jawo ta jikinta. "Dama lokaci ya yi. Takwarata ta zo ke nan. Ni zan riƙe ta." Ta dubi ɗanta. "Ko akwai magana?"

"Ni wa, Hajiya?" in ji Nasiru, idonsa a ƙasa. "Ba ni da ta cewa."

Duk matan suka juyo gare ni. Na so in yi magana. Amma na yi alƙawari, kuma na ɗauka irin zancen kakanni ne da ake yi a taro a manta. Na sunkuyar da kai.

"Allah Ya yi miki albarka," in ji wata tsohuwa. "Ashe 'yar bokon tana da kunya." Aka yi guɗa.

Da la'asar sakaliya muka hau babur mu biyu. Na ce masa, "Gobe da sassafe ka ɗauko ta. Ko kayan canji ba ta da su."

"Akwai kayanta a can."

"Wane kaya?"

Sai ya ƙara wa babur wuta. Muna isa gida na wuce ɗaki na buɗe akwatinta. Wayam. Rigunanta, takalmanta, ƙaramin hijabinta, har 'yartsanar da take kwana da ita, babu. Sai na tuna buhun shinkafar da ya kai ina asibiti.

Na fito da akwatin na ajiye a gabansa a buɗe.

"Tun yaushe?"

Ya daɗe yana goge taɓon da babu a takalminsa. "Tun ranar suna. Hajiya ta ce in ta yi wayo za ta karɓe ta. Na ce to."

"Ni ma ka ce mini to. A zaurenmu. Kafin ita."

"Uwata ce, Muhsina. Ta yaya zan kalli idonta in ce a'a?"

"Amma ni ka iya kallon idona ka ce yini ɗaya. Ka san za a tambaye ni. Kai ka ɗaure mini baki da kanka, sannan ka kai ni."

"Ai gidan karatu ne. Ba daji aka kai ta ba. Ga shi za ki haihu, za ki samu wani..."

"Wani? Dashen tumatir ce, in an cire a maye gurbi?"

Ya ce in yi haƙuri, zai yi wa Hajiya magana da zarar an gama tsinkar tumatir. Aka gama. Ya ce a bari a yanke shinkafa. Kullum da asuba ya fita, wai ranar ruwansa ce, kamar shi kaɗai ake sakar wa kanal. Ni kuma kowace safiya in fito in ga inuwar lemon tsami babu kowa. Maƙwabta suna ta yaba mini. Wannan ya fi komai ƙona mini rai: an raba yarinya da uwarta da karatunta, kuma garin nan gaba ɗaya ya ga abin a matsayin tarbiyya.

Sai Surayya ta turo mini bidiyo a waya, da saƙon dariya. Humaira ce a tsakar gidan Hajiya, baƙi sun kewaye ta. "Balarabiyar Hajiya, yi mana! Yi na tumatir!" Aka ɗaga, ta ce "ahmar", aka bushe da dariya, aka ba ta alewa. "Sake!" Ta sake. Ba ta murmushi. Abin da na koya mata don ta fahimci Littafin Allah ya zama abin nishaɗin baƙi.

Washegari na sa hijabi na tare Nasiru a bakin ƙofa yana tura babur.

"Bunkure zan je. Ka kai ni, ko ka ba ni izini."

Ya sunkuyar da kai, yana murza makulli.

"Na gode," na ce. "A gidanku na koyi cewa wanda ya sunkuyar da kai ya yarda."

Na hau adaidaita sahu. Hanya duk shanyar shinkafa ce a bakin titi, ga motoci ana lodin buhuna. Ban ga komai sosai ba.

Na yi sallama. Hajiya tana zaune a kan tabarma tana tsintar wake, Surayya na wanke-wanke. Humaira na gefe da sauran yaran gidan. Ta gan ni, ta miƙe kamar za ta rugo, sai ta dubi Surayya ta tsaya. Ta zo a hankali ta durƙusa.

"Ina kwana, Anti."

Anti. Na durƙusa na gaida Hajiya yadda ya kamata, har ƙasa. Sannan na juya, na ɗaga murya yadda na zaure ma za su ji.

"Humaira! Zo nan, 'yata."

Na ɗauke ta na sa a cinya, a gaban kakarta. Surayya ta saki kwano. Na raɗa wa yarinyar gaisuwar Larabci, "Kaifa haluki?" Ta ɓoye fuska a hijabina ta ce da Hausa, "Ummi, yara suna mini dariya in na yi."

"Muhsina," in ji Hajiya, ba ta daina tsintar wake ba. "A gabana?"

"A gabanki, Hajiya. Ki gafarce ni. Na zo tafiya da ita."

"Ni da aka karɓe mini ɗan farina yana goye a bayana, aka kai shi Wudil, ko tari ban yi ba."

"Kin ji daɗi, Hajiya?"

Hannunta ya tsaya a cikin faifan. Ta ce, "To me ya canza? Ke kika aiko da kayanta. Nasiru ya ce ke kika ninke su da hannunki, kin ce ciki ya sa ba kya iya hidimarta."

Na ɗauka na gama jin ciwon abin. Ashe da saura.

"Ban san an fitar da kayan ba, Hajiya. Ina asibiti. Cewa ya yi in yi miki kara ta yini ɗaya."

Ta dube ni sosai, karo na farko tun da na shigo gidan nan amarya. Sannan ta dubi ƙofar zaure, kamar ɗanta na tsaye a wurin.

"Surayya, haɗo mata kayanta."

"Hajiya, mutane fa? An yi guɗa..."

"Na ce ki haɗo. Ni ba na riƙon ɗan da aka sato mini." Ta koma kan wakenta. "Ke kuma ki sani, abin da kika yi yau ba za a manta da shi a gidan nan ba. Har jikokinki za a ba labari."

"Na sani, Hajiya. Duk Juma'a zan kawo miki ita."

"Takwara," ta ce wa yarinyar, "tafi, dama kin cinye mini alewa."

A cikin wancan buhun shinkafar Surayya ta kawo kayan. Yau ba ta ce mini matar Yaya ba.

Da muka iso gida Nasiru yana tsakar gida. Humaira ta ruga ta rungume ƙafarsa. Ya dube ni ta saman kanta.

"Me Hajiya ta ce?"

"Tana nemanka."

Da safe na shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin lemon tsami. Na ɗauko tumatir, na ɗaga nunanne. Humaira ta dube shi, ta waiga ko akwai mai dariya. Babu kowa. Na jira. Can ta ce a hankali, "Ahmar."

Nasiru ya shigo daga gona, ƙafafunsa duk taɓo, ya tsaya a inda ya saba zama. Buzun yana rataye a ƙusa a jikin bango, inda na sa shi.

"Ummi, ba a shimfiɗa wa Abi ba," in ji Humaira.

"Na sani," na ce. Na ɗaga ɗanyen. "Wannan fa?"