Ciwon Kaltume a Jikin Maliki

Maliki ya riga ya kwanta a kan benci, ya yaye riga, ya rufe ido kamar yadda ya saba, kafin ya ji hannun da ke latsa cikinsa ba na Malam Zakari ba ne. An yi wa Malam Zakari canjin aiki zuwa Minna. Wanda ya gaje shi a ɗakin shan magani na Kawo saurayi ne, Yusha'u, sabon fitowa daga makaranta, mai sauraron mara lafiya kamar za a yi masa jarrabawa a kansa.

Shekara da shekaru Malam Zakari ke duba Kaltume, matar Maliki, bai taɓa ganinta ba. Tana kulle, Maliki kuwa akawu ne mai mutunci, ba ya ambaton iyalinsa a gaban maza. Sai suka samo hanya. Duk abin da ke damunta Maliki zai zo ya faɗa a matsayin nasa, ya nuna wurin a jikinsa, Malam Zakari ya latsa don cika ƙa'ida, ya ba da magani daidai na mace. Da haka aka yi zazzaɓi, aka yi ciwon haƙori, aka haifi 'ya'ya biyu. Ranar tafiya Malam Zakari ya nuna wa magajinsa makullin kabad da mutanen da ke suma in sun ga allura. Zancen Maliki ne ya manta.

Yau ƙafafun Kaltume sun kumbura, ta kuma ce kada ya dawo ba magani. Don haka Maliki ya fara bayani: kumburin ƙafa, kwaɗayin tsamiya, da wani abu da ke motsi a ciki tun bayan Sallah.

Yusha'u ya dubi ƙafafun, sirara kamar na zalɓe.

"Ban ga kumburi ba, Malam."

"Da yamma yake zuwa."

Yusha'u ya tambaya ko an taɓa yin irin wannan. Maliki ya ce sau biyu, kuma duka ya wuce da kansa, sai dai an sha wuya a ƙarshe. Yusha'u ya yanke hukunci cewa tsutsar ciki ce, babba, wadda aka bari ta shekara tana kiwo. Ya cika kofi da maganin wankin ciki.

Maliki ya nemi a zuba masa a kwalba ya tafi da shi gida. Yusha'u ya ce an hana. A gabansa za a sha. Kalma ɗaya za ta fid da Maliki, amma bayan labule masinjojin ofishinsu na zaune a layi, sun yi tsit irin na masu saurare. Ya yi bisimilla ya shanye.

Aka tsare shi a gadon baya, kusa da makewayi, abin da ya zama hikima.

Bayan la'asar Kaltume ta gaji da jira. Ta yafa mayafi, wata tsohuwar maƙwabciya ta rako ta, cikinta ya riga ta shigowa. Yusha'u ya dubi cikin, ya dubi ƙafafunta, ya daɗe yana duban kofin.

Ita kuwa ta leƙa mijinta a kwance, ya yi laushi kamar tsumma, ta juyo cike da damuwa.

"Likita, gaya mini gaskiya," in ji ta. "Yaya jikin nawa?"