Farin Lofen Alhaji Muntaka

Alhaji Muntaka malamin dabbobi lofen shan taba biyu gare shi, kuma duk wanda ya zauna da shi rabin awa sai ya sha labarinsu, ko yana so ko ba ya so. Na farko na saiwar wani itace ne na ƙasar Turawa, shi ne na yau da kullum. Ya sha faɗuwa a turken shanu, jaki ma ya taɓa taka shi, ko gezau. Na biyun fari ne fat kamar ɓararren ƙwai, an sassaƙa shi da wani dutse marar nauyi, da siffar kan dattijo mai rawani da gemu. A Makka ya saye shi hannun wani Baturke, ciniki da yatsu, don ba mai jin yaren wani. Wannan bai taɓa ganin wuta ba.

"Na itacen jakina ne," haka yake cewa. "Farin kuwa dokin ado ne, ba a ɗora masa mangala."

Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, aka kwaso ma'aikata daga Kano aka zube su a Dutse, Alhaji ya tsinci kansa su shida a ɗaki ɗaya, kowa akwatinsa ne matashinsa. Nan ba wurin ajiye abin da ke fashewa ba ne. Sai ya kai farin lofen garinsu Ringim, ya danƙa wa Modibbo, limamin masallacin unguwarsu, amininsa tun suna elementare. Modibbo Bafillace ne, Alhaji Babarbare, don haka tsiya ce gaisuwarsu.

"Ga amana, bawana. Na san wajenka ba zai ga hayaƙi ba, tunda kai ko warin taba ka ji sai ka yi a'uziyya."

"Kawo in ɓoye maka abin kunyarka," in ji Modibbo.

Shekara tara lofe na Ringim. Duk zuwan da Alhaji zai yi sai ya tambaya, "Dattijona yana nan?" Modibbo ya ce yana nan. In zai tafi kuma Modibbo ya roƙi ɗan ganyen taba, wai yana barbaɗawa cikin akwatin littattafai saboda gara. Alhaji ya ɗebo masa da yawa, yana masa dariya.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ita ce Alhaji ya gama gininsa a Dutse, ya sa kabad mai gilashi a falo, ya ware wa dattijonsa gurbi a sama. A nan zance ya fara lalacewa. Zuwan farko Modibbo ya ce makullin akwati ya ɓata. Zuwa na biyu ya ce baƙi na kwance a ɗakin. A na uku ya fito da gidan lofen a naɗe cikin tsumma, an ɗaure shi tamau da zare, ya miƙa idonsa na kallon ƙasa.

"Kada ka kwance a hanya. Bari sai ka je gida."

Tun daga Ringim har Dutse Alhaji yake ta saƙe-saƙe. Mutumin da yake kallon tsabar idonsa shekara arba'in, yau shi ne da kallon ƙasa? Ruwa ba ya tsami banza.

Yana kwancewa a falo ya yi salati da ƙarfi, har matarsa Hajiya Zinariya ta fito da ludayi a hannu. Dattijo dai ga shi, rawani da gemu, amma ja-ja-ja kamar zumar da ta kwana biyu, gemun ma har ya yi duhu. Ga warin tsohuwar taba.

"An musanya mini! Wallahi an musanya!"

"Alhaji, zato zunubi. Liman guda?"

"Limanci hana son abin duniya yake? Ya sayar da nawa wa masu neman kayan tarihi, ya samo wannan kwancen da wani ya sha ya ƙoshi. Ni zai yi wa kwalliya da zare!"

Kwana huɗu yana juya abin. Ya tuna wata rana da ya tarar da wata baƙuwar mota a ƙofar gidan Modibbo. Ya tuna yadda yake saurin kau da zance duk lokacin da aka ambaci lofen. Abin da a da bai ɗauka komai ba, yanzu duk ya zama shaida. Ba asarar lofen ce ta fi ci masa rai ba. Abin da ya hana shi cin tuwo shi ne a ce Modibbo, wanda suka ci ƙasa tare, ya mai da shi sakarai.

Hajiya ta ce ya je su yi magana su biyu a zaure. Ya ce a'a, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, a gaban mutane zai fi gane gaskiya.

Ranar Asabar bayan azahar ya tarar da Modibbo a gindin dalbejiyar ƙofar masallaci, da dattawan unguwa, da 'yan kwamitin da aka ɗora shi a kansu don gyaran tarbiyya. Su ne waɗanda makon jiya suka tashi masu teburin sigari daga bakin masallaci. Alhaji ya yi sallama ciki-ciki, ya buɗe gidan lofen a tsakiyar tabarma.

"Jama'a, ku yi mini shaida. Fari na ba shi. Wasunku sun gani da idonsu. Wannan fari ne?"

Modibbo ya ce a hankali, "Alhaji, mu shiga daga ciki."

"Ba inda za ni. Nawa ne ko ba nawa ba ne?"

"Naka ne."

"Za ka dafa Alƙur'ani?"

"Zan dafa."

"To me ya rina shi? Lalle aka sa masa, za a kai shi gidan miji?"

Modibbo ya sunkuyar da kai. Gumi ya tsattsafo masa a ƙarƙashin rawani. Alhaji ya ji wani irin daɗi mai ɗaci, ya ce a ransa, na kama ka.

Sai Baba Jaji ya miƙo hannu. Tsoho ne da ya haura tamanin, ya yi wa wani Baturen reluwe aikin kuku tun kafin a ba da mulkin kai. Ya auna lofen a tafinsa, ya kai shi kusa da ido, ya yi dariya da dasashi.

"Kai, Alhaji, ai ba a cuce ka ba, gyara maka aka yi! Maigidana yana da irinsa. Na itace ko shekara nawa ka sha shi, yana nan yadda yake, ba ya tona asirin kowa. Wannan farin dutsen kuwa shanye hayaƙi yake. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har ya yi ja. Maigidana shekara biyar yana fama bai kai nasa haka ba. Wanda ya riƙe wannan gwani ne, kullum yake sha, kuma a natse."

Tsohon ya ɗago yana neman wanda zai taya shi dariya, bai samu ba.

Alhaji ya karɓi lofen. Ya juya shi, ya kai farce bayan rawanin, ya ji ɗan ɓallin da ya yi ranar da ya suɓuce masa a Jidda. Ya dubi wajen da ake kamawa da baki, ga sawun haƙora biyu da tazara a tsakaninsu. Modibbo wushirya gare shi. Ashe garar da ke cin littattafai mai rawani ce.

'Yan kwamiti suka fara kallon juna. Nan Alhaji ya gane abin da ya aikata.

"Af! Na tuna," ya ce da sauri. "Ai ni na sha shi kafin in kawo. Tsufa ne, jama'a, ku yafe..."

"Kada ka yi ƙarya saboda ni a ƙofar masallaci," in ji Modibbo. Ya dubi jama'a. "Ni na sha. Watan da ya tafi Dutse na buɗe akwati don in duba amana, na ji ƙanshin tabarsa a jikin tsumman. Zaurena ya yi mini faɗi, ba mai zuwa ya zage ni da yamma. Na ce bari in kunna sau ɗaya. Sau ɗayan ne ya kai shekara tara. Ina hana ku da rana ina yi a ɓoye, Allah Ya yafe mini."

Sannan ya juyo ga Alhaji, wannan karon ido cikin ido.

"Da shan taba ka zarge ni, Babarbare, da mun yi dariya har mu faɗi. Amma kwana huɗu kana tunani, ba abin da ya zo maka game da ni sai sata."

Aka kira la'asar. Modibbo ya taɓa kafaɗar na'ibinsa ya nuna masa gaba, shi kuma ya koma sahun ƙarshe. Alhaji ya lallaɓa ya tsaya kusa da shi, kafaɗa da kafaɗa. Da aka sallame, Modibbo ya ɗauki takalmansa ya shige gida, ya turo ƙofar zauren da Alhaji bai taɓa ganinta a rufe da rana ba.

Lofen yana nan a kabad a Dutse, a gurbin da aka ware masa. Baƙi kan yaba kyan launinsa, su tambayi shekara nawa ya yi yana sha har ya yi haka. Alhaji Muntaka, mai labarin lofe ko ba a tambaye shi ba, sai ya ce a kawo musu ruwa.