Duwatsun Loyis

Duk Nasarawa Gwom an san Magadaliya da abu biyu: regen acca da rashin barin ta-kwana. Amma ranar Talatar nan da Maman Siman ta shigo mata gida da kwalbar man addu'a a hannu, bakinta ya mutu murus.

Dalili kuwa, bikin Loyis 'yar Magadaliya da Siman saura wata guda. Jiya ƙanwar ango ta zo gwajin anko, ta leƙa ƙarƙashin gado neman takalmi, sai ga wani ƙunshi cikin jan ƙyalle. Ta kwance, ta ga duwatsu masu siffar kuɗin wuri kwance cikin auduga, kowanne da ɗigon farin fenti da ƙananan lambobi. Kafin la'asar labari ya kai Rikkos, unguwar su ango, wai asiri ne.

"Maman Loyis, ba faɗa ya kawo ni ba," in ji Maman Siman, ta ƙi ko zama. "Ɗana bai taɓa musu da ni ba sai da ya haɗu da 'yarki. Yanzu na ga dalili. Ko a yi addu'a a kansu a watsa su rafin Dilimi, ko maganar aure ta tsaya nan."

Abin haushin, jan ƙyallen na Magadaliya ne, ragowar labule. Ita ta naɗe kayan don kar ƙura ta shiga. Loyis kuma tana jami'a, ba ta ɗaukar waya in tana ɗakin bincike. Duwatsun nan aro ne daga malaminta, daga Maroko aka kawo su, a kansu take rubuta aikin digirinta na biyu. In sun shiga rafi, karatu ya bi ruwa. In ba su shiga ba, aure ya bi ruwa.

Gaskiya Magadaliya ta ji tsoro. Ita kanta sau nawa ta yi wa yarinyar tsiya, wai ga masu karatun likita, ke kin ƙare a tsintar tsakuwa? Amma wata da watanni Loyis na zama gefenta tana bitar jawabinta da ƙarfi, ita kuma tana juya ƙwarya tana fid da yashi daga acca. Ashe kunne na ɗauka.

Ta ɗauko ƙunshin, ta shimfiɗa a faifai.

"Zauna, Maman Siman. Baƙon da ya tsaya a tsaye ba ya jin magana." Matar ta ɗosana a bakin kujera. "Wannan dabbar teku ce ta koma dutse. Birakiyofod ake ce mata. Kin san makankarin rafi?"

"Na sani."

"To ba shi ba ne, ko dangi ba su haɗa ba, kama ce kawai." Ta haɗa tafukanta biyu. "Makankari haka yake, ɓawon dama da na hagu iri ɗaya. Wannan kuwa tukunya ce da murfi, na ƙasa ya fi na sama girma. Duba nan bakin, kin ga 'yar huda? Nan jijiya take fitowa ta kama ƙasan teku. A wuri ɗaya take zaune, ta buɗe baki kaɗan, wasu gasusuwa a ciki su tace mata abinci daga ruwa. Rege take yi, irin nawa."

Maman Siman ta matso da kai, amma kwalbar na hannunta. "Rubutun fa?"

"Lambar ajiya ce, kamar ta katin asibiti. Jan ƙyallen kuma labulena ne, ga sauransa can a taga."

Matar ta waiga. Labulen na nan yana lilo, ja zur.

Nan fa Magadaliya ta samu bakin zaren, kuma wanda ya san ta ya san ba tsayawa. Ta ce a wani zamani su ne suka cika ƙasan teku, iri dubu-dubai, tun ba a san dabba mai ƙafa huɗu ba. Sai wata masifa ta zo ta kusa share rayuwar teku gaba ɗaya, yawancinsu suka ƙare. Kaɗan suka tsira, kuma jikokinsu na nan da rai har yau, wasu cikin ruwa mai sanyi, wasu cikin laka.

"Abin da 'yata ke nema ta gane ke nan, me ya sa waɗansu suka tsira waɗansu suka tafi. A ajinsu ita kaɗai aka yarda ta kawo su gida. Ɗanki kuwa ba dutse ya kama shi ba. Yarinyar da ta iya zama shekara biyu tana sauraron abin da ba ya magana, ita ya gani. In kin fasa, kin fasa, amma ko ɗaya ba zai taɓa ruwan Dilimi ba."

Sai da ta rufe baki ta gane abin da ta yi. Ta sa auren 'yarta a faifai ba tare da ta tambaye ta ba.

Maman Siman ta sake duban duwatsun. Can ta ce, "Ke duk a ina kika san wannan?"

"Ni na haife ta."

Matar ta jefa kwalbar cikin jaka. Ta miƙa hannu za ta ɗauki mafi girman, mai layi-layi kamar mafici. Magadaliya ta janye faifan.

"Hannunki da mai, surukata. Ga ruwa can da sabulu. Loyis ba ta yarda a taɓa mata su haka."

Maman Siman ta tashi ta nufi randa.