Kwikwiyon da Bronwyn Ta Bari

Sati biyu kawai Bronwyn ta ce. Za ta koma wurin aikin haƙar ma'adinai can arewa, kuma ba ta da wanda za ta bar wa kwikwiyonta sai mahaifinta. Warwick, tsohon direban bas da ke zaune shi kaɗai a garin Geraldton, bai so ba, amma ya karɓa.

Sunan kwikwiyon Boof. Watansa biyar, amma ya riga ya ninka Tilly girma. Ita Tilly ƙaramar karyar Warwick ce mai shekara goma sha uku, ga ciwon ƙugu. Tun ranar farko Boof ya mayar da ita abin wasa. Tana kwance a baranda zai faɗo mata, ya kama kunnenta ya ja, ya danne ta da ƙirji. In ta yi gurnani, sai ya ɗauka kiransa take yi.

Warwick ya yi ta tsawa har muryarsa ta dushe. Ya watsa masa ruwan tiyo, Boof ya buɗe baki yana cafke ruwan. Ya kulle shi a ɗakin wanki, Boof ya tauna masa takalmi.

"Baba, wasa ne fa," in ji Bronwyn a waya. "Haka karnuka suke yi."

"Wasa? Tilly ta daina cin abinci sai na tsaya a kanta."

"Kai dai ka shagwaɓa ta."

"Ke kuma kin haifar mini jaki kin gudu."

Ta yi dariya, abin da ya ƙara ɓata masa rai ke nan.

Ranar Laraba maƙwabciyarsa Lorraine, wadda ta gaji da jin ihunsa, ta leƙo ta saman shinge.

"Warwick, unguwar nan kowa ya haddace sunan karen nan. Riƙe shi mu gani. In wasan na mata daɗi, da kanta za ta dawo wurinsa."

Ya damƙe Boof ta abin wuya. Tilly ta miƙe da ƙyar, ko waiwaye ba ta yi ba, ta ɗingisa ta shige ƙarƙashin mota. Warwick ya ji kunya ta kama shi. Kwana tara tana fama, shi yana ta ihu kawai.

"To ka gani," in ji Lorraine. "Sa'ansa yake nema. Kawo shi wurin Ziggy."

Ziggy karenta ne, ɗan shekara ɗaya, ƙaƙƙarfa. Da aka sake su a bayan gidanta suka kama kokawa, wannan ya kayar da wancan, wancan ya tashi ya rama. Lorraine ta ce muddin suna karɓa-karɓa haka, a bar su. In ɗaya ya fara neman wurin ɓuya, ko jikinsu ya sandare, a raba su su huta. Sau shida Warwick ya shiga tsakaninsu cikin rana, a na ƙarshe Boof ya bangaje shi ya zauna daɓas cikin kwanon ruwa.

Da suka koma gida Boof ya yi barcin awa biyu. Warwick har ya fara murna. Boof na farkawa ya nufi Tilly kai tsaye.

Washegari Warwick ya sayo katako, ya yi ƙaramar ƙofa ya raba barandar biyu. Tilly ta kwanta a ɓangarenta, ta ci abincinta duka. Boof ya zura hanci ta tsakanin katakon yana kuka.

Yana cikin tattara ƙusoshi Bronwyn ta kira.

"Baba, kar ka yi faɗa. Sun ƙara mini wata guda."

Warwick ya waiwaya. Boof ya riga ya ɗora ƙafafunsa na gaba a saman ƙofar, yana gwada tsayinta.

"Baba, kana jina?"

"Ina jinki. Bari in je kafin a rufe shagon katako."